Wa Ke Rubuta Kod Ɗin da Ke Ƙirga Motsinka a Waya? Fashin Baƙi Kan Ma'aunan Telemetri

A Kasuwar Farm Centre da ke Kano, inda ake cinikin wayoyi da gyaransu, na taɓa tsayawa kusa da teburin wani matashi mai gyara lokacin da wata dattijuwa ta miƙa masa wayarta tana cewa, "Ɗana, duba min wannan abu, an ce duk abin da nake yi a ciki ana aika wa Turawa." Bai ko ɗago kai daga wayar da yake kwancewa ba ya ce, "Hajiya, ai duk haka suke, sai dai in kin kashe data." Kowannensu yana da ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma babu wanda ya taɓo ainihin tambayar. Tambayar ita ce: idan manhaja tana aika bayanai ga waɗanda suka ƙirƙire ta, akwai hanyar da mutum zai san takamaiman abin da take aikawa, ba tare da ya dogara da alkawarin baki ba?

Maganar ta sake tasowa a watan Fabrairun 2025, sa'ad da kamfanin Mozilla ya fitar da sharuɗɗan amfani da burauzarsa ta Firefox, jama'a suka yi ca a kan wasu kalmomi da ke ciki, har kamfanin ya gyara lafazin cikin 'yan kwanaki. Kafin nan, a watan Yulin 2024, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Tun daga lokacin, a hirar majalisa da ta soshiyal midiya, an cuɗa komai a kwano ɗaya: tallace-tallace, leƙen asiri, shan data, da abin da masu sana'ar ke kira telemetri. Wani ɓangare na amsar waccan tambaya da maganar Hajiya ta taso yana ɓoye ne a wani lungu na aikin haɗa manhaja da ba kasafai ake maganarsa ba, wato samar da kod kai tsaye daga bayanan ma'aunai.

Mene ne telemetri?

Kalmar ta samo asali ne daga harshen Girka, kuma ma'anarta awo daga nesa. A manhaja, telemetri shi ne rahoton da manhajar ke aika wa masu ita game da yadda take aiki: daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin ta buɗe, sau nawa ta tsaya cak, wane maɓalli ake yawan dannawa, wane irin tsarin Android ke kan wayar. Kowane abu guda da ake aunawa shi ake kira ma'auni. Akwai ma'aunin ƙidaya, wanda ba ya yin komai sai ƙara lamba. Akwai na eh ko a'a. Akwai na tsawon lokaci. Akwai na rubutu gajere. Akwai kuma na aukuwa, mai riƙe abin da ya faru tare da lokacin da ya faru.

Shi kuwa kod, shi ne rubutun umarnin da mai haɗa manhaja ke yi a harsuna irin su Kotlin ko Swift ko Rust. Wannan rubutu ba shi ake sa wa waya kai tsaye ba. Sai an bi da shi ta wani mataki da ake kira haɗawa ko gini, inda wata manhaja mai fassara za ta duba shi, ta ƙi shi idan akwai kuskure, ta kuma mayar da shi abin da na'ura ke ganewa idan ya yi daidai. A cikin wannan mataki ne abin da muke magana a kai yake faruwa.

Yadda ake yi da hannu, da abin da yake jawowa

Hanya mafi sauƙi, wadda har yanzu ita ce ta yawancin ƙananan manhajoji, ita ce mai rubuta kod ya kira wani umarni guda na aika rahoto, ya rubuta sunan ma'aunin da hannunsa a duk inda ya ga dama. Mai fassarar kod ba ya duba wannan suna, domin a wurinsa rubutu ne kawai kamar kowane rubutu.

Na ga illar haka da idona a wani aiki da muka yi na manhajar lissafin shago, wadda 'yan kasuwa ke rubuta bashi da ciniki a ciki. Muna son sanin sau nawa ajiye ciniki ke gazawa idan sabis ya yanke. Ni na rubuta sunan ma'aunin a shafin ciniki da ƙaramin layi tsakanin kalmomi biyu, abokin aikina kuma ya rubuta shi a shafin bashi ba tare da layin ba. Manhajar ta haɗu lafiya, ta tafi wayoyin mutane, babu wani abu da ya yi ƙara. Muka shafe makonni muna kallon jadawalin da ke nuna mana rabin matsalar kawai, muna yi wa kanmu barka, alhali masu shago suna ta kiran waya suna ƙorafi. Da muka gano, sai kuma muka tarar da na biyu: ɗayanmu yana aika tsawon lokaci da daƙiƙa, ɗayan da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, duk a ƙarƙashin suna ɗaya. Abin da ya fi damuna daga baya shi ne, da a ce wani mai shago ya tsare ni ya ce, "Malam, me da me manhajar nan take ɗauka daga wayata?" ba zan iya ba shi cikakken jeri ba sai na bi dubban layuka ɗaya bayan ɗaya, kuma ko na bi, ba ni da tabbacin ban tsallake wani ba.

Wannan ita ce matsalar da manyan kamfanoni suka fuskanta, sai dai tasu ta ninka tamu, domin ɗaruruwan mutane ne ke rubutu a manhaja guda.

Fayil ɗaya da komai ke fitowa daga cikinsa

Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san littafin rasit. Maigida ne ke zuwa wurin mai buga takardu ya ce ga abin da yake so: gurbin kwanan wata, gurbin sunan kaya, gurbin yawan yadi ko bandir, gurbin farashi. Idan littafin ya fito, yaron shago ba shi da ikon ƙirƙiro sabon gurbi. Abin da aka buga shi zai cike. Idan maigida yana son a riƙa rubuta lambar motar da ta ɗauki kaya, sai ya koma wurin mai bugawa. Wanda kuma ya ɗauki littafin ya duba, ya san iyakar abin da shagon ke rubutawa.

Tsarin telemetri mai suna Glean, wanda Mozilla ta fara amfani da shi a 2019 a sabuwar Firefox ta Android, a kan wannan tunani aka gina shi. Mai haɗa manhaja ba ya fara da rubuta kod. Yana fara ne da buɗe wani fayil mai suna metrics.yaml, wanda rubutu ne da mutum zai iya karantawa da ido, ya bayyana ma'aunin da yake so. Zai ba shi rukuni da suna, ya faɗi nau'insa, ya rubuta bayani da kalmomi kan abin da yake aunawa. Bayan haka akwai gurabun da ba a yarda a bar su babu komai ba: adireshin intanet na inda aka tattauna buƙatar ma'aunin, adireshin inda aka duba shi ta fuskar sirrin mutane, imel na wanda zai amsa tambaya a kansa, da kuma lokacin da wa'adinsa zai ƙare. Ana kuma iya faɗin tsawon rayuwar abin da aka auna, ko za a share shi da zarar an aika, ko sai an rufe manhaja, ko zai zauna muddin mutum yana amfani da ita. Wani fayil na biyu, pings.yaml, shi ke bayyana ƙunshin saƙonnin da ake zuba ma'aunan a ciki kafin a tura.

Gurbin duba sirri ya cancanci a ɗan dakata a kansa. Mozilla ta kasa bayanai gida huɗu, daga na fasaha zalla kamar girman ma'ajiyar na'ura, zuwa na mu'amala kamar danna maɓalli, zuwa abin da mutum ya adana ko shafukan da ya ziyarta, har zuwa bayanai masu tsananin sirri da za su iya nuna ko wane ne mutum. Gwargwadon yadda ma'auni ya hau wannan tsani, gwargwadon yadda sharuɗɗan amincewa da shi ke tsananta.

Abin da ke faruwa a lokacin haɗawa

Da zarar an danna umarnin haɗa manhaja, kafin mai fassara ya taɓa kod ɗin da mutane suka rubuta, wata ƙaramar manhaja mai suna glean_parser, wadda aka rubuta da harshen Python, ita ke fara aiki. Tana karanta fayil ɗin ma'aunai, ta gwada shi da ƙa'idar da aka shimfiɗa. Idan an manta gurbin wa'adi, ko an rubuta nau'in da babu shi, aikin yana tsayawa a nan da saƙon kuskure. Idan komai ya cika, sai ta zuba bayanan cikin wasu samfura da aka tanada, ta fitar da sabon kod a harshen da manhajar ke amfani da shi: Kotlin ga Android, Swift ga iPhone, da sauransu. A Android, wani ƙari da ake sa wa Gradle, manhajar da ke tafiyar da aikin haɗawa, ne ke kiran ta. A iPhone kuwa, wani ɗan rubutun umarni ne da ake sawa cikin matakan Xcode, manhajar Apple ta haɗa manhajoji.

Abin da ke fitowa shi ne abu guda mai suna ga kowane ma'auni, ɗauke da ayyukan da suka dace da nau'insa kawai. A ce a manhajar shagonmu mun bayyana ma'aunin ƙidaya mai suna ajiya_ta_gaza a rukunin ciniki. Kod ɗin da zai fito zai ba mu wani abu da ake kira Ciniki.ajiyaTaGaza, wanda abin da za a iya yi da shi a aikace shi ne ƙara masa lamba. Idan abokin aikina ya rubuta sunan ba daidai ba, mai fassara zai ce bai san wannan abu ba, manhajar ba za ta haɗu ba, kuma kuskuren da ya ci mana makonni zai bayyana cikin minti ɗaya a kan teburinsa. Idan ya yi ƙoƙarin cusa sunan mutum cikin ma'aunin ƙidaya, nan ma za a ƙi. Matsalar daƙiƙa kuwa ba ta ma tasowa, domin a ma'aunin lokaci mai rubutu yana cewa ne a fara, sannan a tsaya, tsarin da kansa ke yin awon bisa mizanin da aka rubuta a fayil.

Me ya sa ba za a samar da kod ɗin sau ɗaya a adana shi ba? Domin ranar da wani ya gyara fayil ɗin ma'aunai ya manta bai sake samar da kod ba, ko ya sa hannu ya gyara kod ɗin da aka samar, an koma gidan jiya: abin da aka rubuta daban, abin da ke gudana daban. Samar da shi a kowace haɗawa yana toshe wannan ƙofa, shi ya sa a al'ada ba a ajiye irin wannan kod tare da wanda mutane suka rubuta. Akwai dai banbanci a harshen Python, inda Glean ke karanta fayil ɗin a lokacin da manhaja ke gudana, tun da harshen ba shi da matakin fassara irin na Kotlin.

Fayil ɗin nan bai tsaya a waya ba. A ɓangaren Mozilla, wasu manhajoji suna karanta shi su tsara jadawalan da za a zuba bayanan a rumbun ajiyar bayanai na Google mai suna BigQuery, kuma daga shi ake cike wani shafin intanet mai suna Glean Dictionary, inda kowa zai iya neman manhaja ya ga jerin ma'aunanta da bayanin kowane. Ke nan rubutu guda ne ke haifar da kod, da jadawalin ajiya, da takardar da jama'a ke karantawa.

Wa'adi

A ganina wannan ne gurbin da ya fi kowane hikima, kuma shi ne aka fi rainawa. Ɗabi'ar masu haɗa manhaja ce su sa ma'auni don amsa wata tambaya ta wata guda, su sami amsa, su wuce, ma'aunin kuwa ya ci gaba da kwasar bayanai shekara da shekaru ba wanda ke kallo. A Glean, wa'adi na iya zama kwanan wata ko lambar fitowar manhaja, kuma idan aka zo haɗawa bayan ya wuce, kod ɗin da za a samar yana fitowa ne a kashe: ana iya kiransa, amma ba ya rubuta komai. Mai son ya ci gaba sai ya dawo ya sabunta, ya kuma kare dalilinsa. An yarda a rubuta cewa ma'auni ba shi da wa'adi, amma dole a rubuta hakan ɓaro-ɓaro inda kowa zai gani. A lura da wani abu: tun da a lokacin haɗawa ake duba wa'adin, wanda ya bar tsohuwar manhaja a wayarsa bai sabunta ba yana nan da tsohon kod ɗin da ke aiki.

Ba Mozilla kaɗai ba

Tun kafin Glean, Firefox ta kwamfuta tana da fayiloli irin su Histograms.json da Scalars.yaml waɗanda ake samar da kod na harshen C++ daga gare su. A Chromium, tushen burauzar Chrome, ana samar da kod daga fayil ɗin ukm.xml. Android kanta tana bayyana ma'aunan tsarinta a fayil ɗin atoms.proto, ta samar da umarnin rubuta su daga nan. Shi ma aikin OpenTelemetry, wani buɗaɗɗen tsarin telemetri na haɗin gwiwa, wanda ya samu a 2019 daga haɗewar OpenTracing da OpenCensus, yana ajiye sunayen ma'aunan da aka amince da su a fayilolin YAML, wato irin tsarin rubutun metrics.yaml, yana kuma da manhajar Weaver mai samar da kod daga cikinsu.

Inda ake saɓani

Masu goyon baya suna cewa wannan hanya ta mayar da alkawari abin da na'ura ke tilastawa. Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce, littafin rasit yana nuna abin da aka rubuta a cikinsa ne kawai, ba ya hana yaron shago ajiye wani littafin a aljihu. Manhaja na iya samun fayil ɗin ma'aunai mai tsabta, sannan ta ɗauko kayan wani kamfanin talla da ke aika nasa bayanan ta wata hanya. Haka kuma glean_parser na iya tabbatar da cewa an cike gurbin duba sirri, amma ba ta iya sanin ko wanda ya duba ya yi aikin tsakani da Allah. Kuma duk amfanin da jama'a za su samu ya rataya ne a kan fayil ɗin ya kasance a buɗe. Kamfanin da kod ɗinsa ke rufe zai iya bin wannan tsari don gyara aikinsa ba tare da mai waya ya ga ko layi ɗaya ba.

Hujja ta biyu ta fi zurfi: bayyana abin da ake ɗauka daban, neman izini daban. A 2023, masu kula da harshen Go na Google sun kawo shawarar telemetri da aka tsara a fili, wanda zai kasance a kunne sai wanda ya kashe. Jama'a suka ƙi, aka juya shi ya zama ba a aika komai sai mutum ya kunna da kansa, kuma haka ya fito a Go 1.23 a watan Agustan 2024. A Firefox kuwa, bayanan fasaha da na mu'amala a kunne suke zuwa, mai so ya kashe. Idan ya kashe, manhajar tana aika saƙo na ƙarshe na neman a goge abin da aka tara a kansa. Masu kare wannan tsari na zuwa a kunne suna cewa idan aka jira sai wanda ya kunna, ƙwararru kaɗai za a ji, su kuwa ba irin wayar talakawa suke riƙewa ba.

Akwai kuma kukan masu aikin kansu, cewa ƙara ma'auni guda ya zama sai an cike gurabu an jira amincewa, kuma haɗa manhajar Android yanzu ya dogara da Python da wasu kaya da ake saukowa da su daga intanet. Wanda ya taɓa zama a Kano da daddare yana jiran wannan saukarwa ta farko, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, batirin kwamfuta yana ja baya, ya san wannan kuka ba shagwaɓa ba ce. Akwai hanyar tanadar kayan tun da wuri don a yi haɗawa ba tare da intanet ba, amma sai an zauna an shirya ta. Jinkirin cike gurabun kuwa, ni ban ɗauke shi aibi ba, domin da gangan aka sa shi.

Abin da ya shafi mai waya da mai haɗa manhaja a Kano

Ga Hajiya da ire-irenta, abu na farko shi ne rahoton telemetri rubutu ne da lambobi, kuma Glean na matse shi kafin ya tura, don haka ba shi ne ke cinye data ba idan aka kwatanta da bidiyon da ke kunna kansa. Na biyu, mai amfani da Firefox zai iya shiga saitin manhajar ya kashe tattara bayanai, a kwamfuta kuma zai iya rubuta about:telemetry a gurbin adireshi ya ga abin da aka tara. Sai dai kashewar tana da nata farashi da ya kamata a faɗa. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwanninmu, masu ƙaramar ma'ajiya, a kan sabis mai rauni, idan ba sa cikin alƙaluman da injiniya ke kallo, to zai gyara manhajar ne don wayar da yake gani. Wannan ba dalili ba ne na tilasta wa kowa, amma yana cikin lissafi.

Ga matasan da ke fitowa daga Jami'ar Bayero da sauran makarantu suna haɗa manhajojin POS da na makarantu da na asibitoci, maganar ta wuce ta gwaninta. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta tanadi cewa a tattara bayanan mutum don manufa bayyananniya, kada a ɗauki fiye da buƙata, kada kuma a riƙe su fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Waɗannan sharuɗɗa uku kusan su ne gurabun bayani da nau'i da wa'adi na fayil ɗin ma'aunai. Ba lallai sai an ɗauko Glean ba, wanda aka ɗinka shi daidai da rumbun Mozilla. Fayil guda na YAML da ɗan rubutun Python da ke fitar da kod na Kotlin a kowace haɗawa aiki ne da mutum ɗaya zai iya gamawa cikin 'yan kwanaki. Mu haka muka yi daga baya a manhajar shagon, kuma da muka zauna cike gurbin bayani ga kowane tsohon ma'auni, mun tarar da wasu da babu ɗayanmu da ya iya tuna dalilin sa su, ciki har da wanda ke aika sunan shagon tare da kowane rahoton kuskure. A ranar muka cire shi.